Agogo a Wutsiyar Saniya

Wani ne a wani ƙauye kusa da Guri, malalacin da ko sauro ya sauka masa a goshi sai ya jira iska ta kore shi. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, ya samu shanu uku, da gonar shinkafa a fadama wadda suka haɗa da yayansa Ibrahim. Kafin sadakar arba'in ya sayar da shanu biyu, ya nufi Haɗeja, wai shi ma sai ya ɗaura agogon manya.

A shagon Alhaji Bakari aka fito masa da guda biyu a kan auduga. Ya kara na farko a kunne, ya kara na biyu, yana lumshe ido. Alhaji ya ce dukansu ba ruwansu da batir. Na farko kullum da safe sai an yi masa wani, wato a murɗa shi da hannu. Na biyu kuwa motsin hannun mai shi kawai yake ci.

"Wato wannan ni zan yi masa aiki, wancan shi zai yi mini?"

Alhaji ya ce kusan haka ne.

"Naɗe mini wancan."

Lokacin shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen janbaki na saukowa kamar hayaƙi. Ibrahim ya ja igiya a gonar, ya rataya gwangwanaye, ya ce aikin ƙanin nasa ɗaya ne: ya zauna yana jan igiyar nan don tsuntsaye su tashi. Mutumin ya shimfiɗa buhu a gindin giginya, ya ɗora hannun da ya ɗaura wa agogon a ƙirji don masu wucewa su gani.

Kwana biyu, agogo ya yi shiru.

Ya koma Haɗeja ranar kasuwa, shago cike da jama'a, yana faɗa wai an sayar masa da gawa. Alhaji ya karɓa, ya girgiza sau uku, agogo ya farka.

"Lafiyarsa ƙalau, malam. Shekara ashirin ina sana'ar nan, har wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki na sayar wa irinsa, bai taɓa tsaya masa ba. Kai dai kwana biyu hannunka bai motsa ba."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ibrahim ya ce shi ke nan, Allah ya kawo mai shaida. Kullum da magariba a kawo masa agogo ya saurara. Ranar da ya ji shiru, zai cire hannun ƙanin daga gonar ya ba mai himma.

Mutumin ya yi ta tunani, har idonsa ya faɗa kan saniyarsa da ta rage, tana ta kaɗa wutsiya tana korar ƙuda. Da safe ya ja ta zuwa gindin giginya, ya ɗaura mata agogo a wutsiya, ya kwanta. Da yamma ya kwance, ya goge da gefen riga, ya kai wa yayansa. Mako guda Ibrahim yana sauraro yana sa masa albarka, har a masallaci ya faɗa cewa ƙaninsa ya shiryu.

Rana ta takwas Ibrahim ya biyo ta gonar da hantsi. Zangarniya duk ta zama ƙaiƙayi, tsuntsaye har a kan igiyar suke hutawa. Ga ƙaninsa yana minshari, ga wani abu yana walƙiya a bayan saniya. Ya shure shi.

"Kai don ubanka, wannan wane lokaci ne na barci?"

Mutumin ya miƙe a hankali, ya je ya ɗaga wutsiyar saniya, ya leƙa.

"Sha ɗaya da kwata, Yaya."