Rasuwar Hitar Ɗakin Tsohuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya sandarar, ni Shozo Kumagai na Iwamizawa nake sanar da 'yan unguwa rasuwar hitar kananzir ta ɗakin mahaifiyata, jiya da hantsi.

Marigayiyar ba ta san ƙiwa ba. Kana taɓa ta za ta ce tik-tik-tik, bup, ɗaki ya ɗau ɗumi. Ba ta taɓa yi wa tsohuwa hayaƙi ba.

Ƙwazonta ne ajalinta. Zafinta ya ratsa silin, ya narka dusar ƙanƙarar da ke kan kwano. Ruwan ya gangaro bakin rufi inda babu ɗumi, ya daskare, ya zama katanga. Na bayansa ya rasa hanya, ya kurɗa ƙarƙashin kwano, ya ɗigo mata a ka. Ta ce fisss sau ɗaya. Shi ke nan.

Ta rasu ta bar jarka biyu, mage ɗaya, da mahaifiyata Kikue, wadda har yanzu take kwance a ɗakin. Silin ɗin da ke saman shimfiɗarta ya sha ruwa, ya yi tumbi. Rediyo ya ce gobe rana za ta buɗe, wato ƙarin ruwa. Na roƙi tsohuwa ta koma kicin. Ta ce akwatin tunawa da marigayi babana, inda take ƙona masa turare, yana nan, ba za ta bar tsoho shi kaɗai ba. Ta ce rufin da ya kafa da hannunsa ba ya faɗuwa, ta kira ni ƙaton banza, ta ja bargo.

Za a yi jana'iza yau bayan abincin rana. A shigo ta ƙofar baya, don ƙanƙarar da ke reto a gaba ta kai tsawon mashi. Ana roƙon maƙwabcina Oikawa ya zo da doguwar sandar jan dusar ƙanƙara da ruwan zafi. Gatarinsa ya bar shi a gida, bara da shi ya huda kwanonsa. Ba mai hawa rufi babu igiya a ƙugu. Mai niyyar kawo fure ya kawo audugar tare zafi, mu shimfiɗa a saman silin in ya bushe.

Ana neman ƙarti huɗu. Akwatin babana za su fara ɗauka, da girmamawa, zuwa kicin. In tsoho ya fita, tsohuwa za ta bi shi, ko da tana zagina ne.

Gawa ta jira. Ita ba ta jin sanyi.