Guɗar da na rangaɗa wa Mai-hannu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na yi guɗa a inda ba a yin ta ba. Ku matso ku ji.

Na je Doha wankan jegon matar ɗana Sabo, sai korona ta rufe hanya, zaman wata uku ya miƙe ya zama na shekaru. Sabo direba ne a wurin wani tsohon Bature malamin waƙa. Ni Mai-hannu nake ce masa, don shi ba ya rerawa. Tsayawa yake gaban mutane yana kaɗa hannu, su kuma su bi. Waƙoƙin ibadar kakanninsa ne na shekaru aru-aru, babu ganga babu kalangu, muryoyi kawai suna shiga juna kamar ana kitso. Ko lokacin kulle bai fasa ba, ta kwamfuta yake tara su, yana kaɗa hannu shi kaɗai a ɗaki.

Ana tsakiyar gasar ƙwallon duniya, gari ya cika da tutoci, sai ya shirya taro a zauren wata makaranta a unguwar Aziziya, ya ce a zo da ni (tun da na aika masa dambun nama yake ce mini Mama, alhali ya girme ni). Shi ne kafil ɗin Sabo, wato wanda ya tsaya masa a kan izinin zama a ƙasar, kuma a watan ne zai sabunta masa takardar aiki. Shi ya sa tun a mota yaron ke roƙona: "Inna, don Allah ki zauna kawai, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Kai, ni za ka koya wa zaman taro? Amaren da na raka sun fi gashin kanka yawa."

Aka fara. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Muryoyi suka hau, suka hau, sai Mai-hannu ya ɗaga hannu sama, kowa ya yi tsit. Na duba dama, na duba hagu, ba mai yabawa. Na ce a raina, wannan wace irin rowa ce? Na kama hancina na saki: ayyururui!

Ashe ba a gama ba, numfashi suke ja. Ashe kuma waƙar ta mamata ce, don mawaƙansu da korona ta ɗauke. Wata mawaƙiya ta saki takardarta ƙasa. Sabo ya nutse cikin kujera yana cewa, "Innalillahi! Inna, kin mayar da mu gida."

Tsohon nan bai ko waiwayo ba. Hannunsa na sama, ya jira har guɗata ta mutu, sannan ya karkaɗa shi suka ɗora.

Da aka tashi ya nufo mu, ni kuwa na ja mayafi har hanci. Ya yi magana, Sabo ya fassara: "Wai shekara arba'in yana neman mai dogon numfashi irin naki. Amma nan gaba ki jira hannunsa ya sauka." Washegari ya sa hannu a takardar aikin Sabo.

Bara Sabo ya bugo mini ya ce tsohon ya rasu.

Guɗa kam ban daina ba. Sai dai yanzu ko a gidan biki ne, sai na taɓa ta kusa da ni tukuna: "An gama? Kuma dai ba wanda ya mutu?"