Batirin Makirfona Ya Rasu da Ƙarya a Jikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da ɗaci, ni mai ba da hayar lasifika nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar batirin makirfona, ɗan ƙaramin nan mai kusurwa huɗu da maɓallai biyu a ka. Ya cika ne a taron iyayen yara, shugaban makaranta na tsaka da jawabi, ya bar bawan Allah yana ta motsa baki babu mai ji.

Marigayin ya rayu yana hidima. Caji kaɗan yake ci ya wuni yana aiki. Ba shi da surutu, in ban da "ƙiiii" idan an matsa kusa da lasifika, ko "fuf, fuf" idan mai jawabi ya hura. Riƙon ɗa na yi masa, a aljihun gaba yake zama, ba na ba da aronsa ko ga surukina. Kowa a sana'armu ya san yadda ake gaisawa da irinsu: kafin taro sai ka ɗora shi a kan harshe. In ya tsikare ka, yana da rai; in ka ji lami, sai caji.

Jinyarsa ta faro da kumburin ciki. Daga baya wani farin abu mai kama da gishiri ya riƙa tsattsafowa daga kansa. Sai in goge da gefen riga in ci gaba da lasa, don ba a gudun masoyi ranar ciwo.

Da ya cika, ƙanwar matata ta karɓi gawar. A ɗakin gwaji take aiki, inda ake bincika batura kafin a bari su shiga kasuwa, a ga ko gubar cikinsu ta wuce ƙa'ida. Sai da ta sa safar hannu sannan ta taɓa shi, har na ji haushinta. Suka farke shi, suka haska shi da na'ura. A jikinsa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba shi da kadmiyam, wato wani ƙarfe mai guba da ke taruwa a ƙoda, ga kuma tambarin cin gwaji yana ƙyalli. Ashe cikinsa maƙil yake da shi, ga dalma a mahaɗin wayoyinsa. Tambarin ma na jabu ne. Marigayi bai taɓa taka ƙofar ɗakin gwaji ba sai da aka kai shi a gawa.

An ce a faɗi alherin mamaci, to na faɗa. Amma tir! Tun ranar nake tofar da yawu kamar mai sabon ciki. Na dirje harshe da buroshi har ya yi jini, shayi ma ɗanɗanon ƙusa yake min. Ƙyama nake ji, wallahi, ta marigayin da ta bakina. Wanda kuwa ya zauna ya buga wannan tambari, ya wanke hannu ya ci abinci da 'ya'yansa, Allah ya isa tsakanina da shi. Likita ya ɗebi jinina da fitsarina don a ga abin da ya taru a ƙodata, sakamako bai fito ba tukuna.

Marigayin ya bar makirfo ɗaya da ya zama kurma, da caja mai jiran gawon shanu, da ɗimbin 'yan uwansa na kwali ɗaya da har yanzu ke rataye a shaguna da tambarinsu. Ya kuma bar ƙanena, wanda da harshena na nuna masa yadda ake lasar batiri.

Game da jana'iza: babu wanka, babu mai taɓawa. Ba za a binne shi ba saboda rijiyar unguwa, ba za a ƙona shi ba saboda hancin maƙwabta, bola ma an ce ta fi ƙarfin a cuce ta. Za a liƙe masa kai da salatif, a ƙulle shi a leda biyu, a miƙa shi inda ake tara matattun batura.

Za a karɓi gaisuwa a kan bencin ƙofar ɗakin gwajin jini, ranar Litinin da hantsi. Duk wanda ya taɓa lasar marigayi ya zo da hannun rigarsa a naɗe. Sauran jama'a kuma a taya ni da addu'a, kada sanarwa ta gaba ta zama tawa. Ƙaramar 'yata ko yaye ta ba a yi ba.