Fiyus Ɗin Iya Bose

Ko da zan manta da sunana, ba zan manta da Asabar ɗin da aka yi taron suna a gidan Alhaji Sale na Agege ba, shekara guda bayan sojoji sun koma bariki. Lokacin wata huɗu kacal na yi ina koyon gyaran wuta wurin wani oga a Oshodi, amma na riga na sayi abin gwada wuta na maƙala a aljihun gaba, duk wanda bai kira ni Injiniya ba kuwa sai in yi kamar ban ji ba.

Alhaji Sale dillalin raguna ne a kasuwar Alaba Rago, ni kuma 'yarsa Rabi nake nema. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya ba da 'ya sai ga mai sana'a a hannu. To da aka yi wa babban ɗansa haihuwa aka ɗauko hayar janareto da lasifika, sai na ga dama ta samu. Na ce, "Baba, ka bar mini maganar wuta."

Ya ce, "An ce akwai wani akwati mai hannu da ake sawa, in ka ja sama wutar gwamnati, in ka ja ƙasa ta janareto, ba sa haɗuwa. Ko a sayo?"

Na yi dariya (Allah ya yafe mini wannan dariyar). Na ce wannan ai na 'yan koyo ne. Mu ƙwararru fiyus ɗin mita kawai muke zarewa don a datse wutar gwamnati, mu soka wayar janareto a soket, shi ke nan. Kuma wace wuta? Kwana tara rabon unguwar da ita, duk da alkawarin da 'yan siyasa suka yi ta zuba mana a rediyo.

Gidan irin na haya ne, mitoci shida jere a bangon soro, duk sun yi baƙi da hayaƙi. Na zare fiyus ɗaya ban ko duba ba, don mutane na kallona, kuma a ganina ƙwararre ba ya tsayawa dube-dube. Na ɗaga shi sama na nuna wa Alhaji, na jefa a aljihu. Janareto ya tashi, fankoki suka juya, maroƙi ya kama lasifika har da "Injiniya angon gobe!" Wallahi kaina ya kumbura. Na hango Rabi ta taga tana murmushi.

Ana cikin rabon shinkafa bayan azahar, sai yaran layi suka kwashe da ihu: "An kawo wuta!"

Jama'a, gwamnatin da ba ta taɓa cika alkawari ba, ranar ta cika shi a kaina. Wutarta ta shigo ta tarar da ta janareto a waya ɗaya. Sai ji muka yi fau! Janareto ya yi tari ya mutu yana hayaƙi, lasifika ta yi ƙara ta ɗauke, ƙwayayen lantarki uku suka fashe. Liman ya tsallake tabarma da faranti a hannu. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo, amma ƙaurin waya ya cika gidan.

Ni kuwa na dage. Na ce ba laifina ba ne, janareton ne jabu, ai ga fiyus a aljihuna. Ina cikin wannan bayani sai ga Iya Bose, Bayarabiyar da ke sayar da ƙanƙara a ɗakin ƙarshe, ta fito ɗaure da zani a ƙugu. Hausarta ta fi tawa kaifi.

"Kowa ya samu wuta a layin nan ban da ni! Wane ɗan iska ne ya cire mini fiyus? Firiza ta kwana tara tana jira!"

Idanu suka juyo kaina. Na sa hannu a aljihu na fito da shi, ga sunanta ɓaro-ɓaro da jan fenti a gefe. Na Alhaji na nan zaune a mitarsa, ko taɓa shi ban yi ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Ya karɓi fiyus ɗin ya miƙa mata ya ba ta haƙuri, sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, wanda bai bambance nasa da na maƙwabciya ba, ba na ba shi 'ya. Je ka ƙarasa koyo."

Na koma Oshodi na kwantar da kai shekara biyu. Kafin in gama, Rabi ta auri wani direban babbar mota a Ketu. Mijin mutumin kirki ne, har aiki ya kira ni, na sa musu akwatin nan mai hannu, ita kuma ta aiko mini da ruwan sanyi. Daga wannan na gane cewa wuta biyu ba sa zama a waya ɗaya, kuma duban da na ƙi yi na minti ɗaya don kada a ce ni ɗan koyo ne, shi ya raba ni da mata.