Yadda Za Ka Haɗe Fuskokin Gidan Surukarka a Ordinatar

Ɗan'uwa, bi matakan nan, na yi maka alkawarin kafin la'asar dangin budurwarka za su fara kiran ka Injiniya. Ni Abdourahamane na gwada a 2014.

1. Amsa tun ba ka ji aikin ba

Idan uwar budurwarka ta ce, "An ce kana karatu a Lyon, zana mini gidan da zan gina a Damagaram," ka ce, "To, Hajiya." Kada ka ambaci cewa kiwon kifi kake karanta. Haka na amsa wa Hajiya Turai, mahaifiyar budurwata Biba.

2. Ɗauko gidan wani

Sauko da zanen gida daga intanet, ka buɗe shi a lojisiyel, wato manhajar zane da ke cikin ordinatar, kwamfutarka ke nan. Za ka ga bango ya cika da layuka kamar raga. Kowane gurbi a ragar sunansa fuska. Nawa gidan na ƙasar ƙanƙara ne, har da bututun hayaƙi.

3. Haɗe fuskoki

Zaɓi fuskoki biyu da ke jikin juna, ka danna F. Layin tsakaninsu zai ɓace, su zama ɗaya. Masana sun ce a yi haka a kan bango miƙaƙƙe kawai. Masana ba su da surukai.

Da bututun na fara, a cikin jirgin ƙasa na Paris. Abin ya yi mini daɗi. Awa biyu ina dannawa.

4. Kada ka duba

Duba aiki na marasa tawakkali ne. Rufe ordinatar ka nufi Clichy-sous-Bois, unguwar su Hajiya a gefen Paris.

5. Kowane kuskure ka ba shi dalili

Hajiya ta sa tabarau ta ƙura wa ekran, allon ordinatar, ido. Gidan ya koma sumul, kamar sabulu.

"Abdourahamane, ina tagogi?"

"Hajiya, ai zafin Damagaram ta taga yake shiga."

"Ƙofa fa?"

Biba ta take mini ƙafa.

"Ɓarawo ma ita zai nema, Hajiya."

Ta jinjina kai. "Yaron ga shina da basira. Biba, ƙaro mai nama."

6. Hana a tura wa magini

Nan ne na yi sake. Hajiya ta tura wa magini hoton a Damagaram, ta ce a bi shi sak, aikin Injiniya ne. Bayan wata uku ina zaune a falonta waya ta yi ƙara, ta sa kowa ya ji.

"Hajiya, an wuni lafiya? Magini ne. An gama rufi, alhamdu lillahi. To, ta ina zan fita?"

Gargaɗi

Duk wanda ya bi shawarar nan, shi da Hajiyarsa, babu ruwana. Namu maginin sai da aka fasa bango da guduma aka zaro shi. Auren dai an ɗaura. Maginin ma ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu, har ya tashi bai amsa gaisuwata ba.