Nomau da Tsohuwar Taswirar Mota

A ƙauyen Tsamiyar Baƙo akwai wani gida mai ƙofar langa-langa, inda Alhaji Shitu mai fataucin riɗi yake zaune da iyalinsa, da mahaifiyarsa Inna Dela, da ƙanensa Nomau. Nomau ya kusa shekara arba'in, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, sai dai duk maganar da aka gaya masa yakan ɗauke ta yadda ta fito daga baki, ba ragi ba ƙari. Abu ɗaya ya iya sosai, shi ne tuƙi. Da idon Alhaji ya fara rauni sai ya miƙa masa makullin motar da ya saya a hannun wani ma'aikaci a Kaduna. Motar tana da allo a jikinta mai nuna taswira, da muryar mace mai faɗin hagu da dama da Turanci, kuma iyakar Turancin da Nomau ya tsinta a tasha ke nan.

Wata rana Alhaji ya aike shi Ringim karɓo buhuna, ya ce, "Kada ka tsaya tambayar kowa. Duk inda matar nan ta ce ka bi, ka bi." Nomau ya ce to. A hanya muryar ta ce dama, ya karya kan mota dama. Ashe taswirar ta daɗe, hanyar da ta sani an gina makarantar firamare a kanta. Nomau ya shiga harabar a hankali, ya tsaya daidai ƙofar wani aji, ya fito ya yi sallama. Malamin ya leƙo da alli a hannu. "Gafarta malam," in ji Nomau, "ajinku ya hau kan hanya. Ko za ku ɗan matsa in wuce?" Yara suka cika tagogi suna kallo. Sai da shugaban makarantar ya zo ya rantse masa cewa ajin ba ya matsawa, sannan ya juya.

Alhaji ya kai motar birni wajen Isuhu mai gyaran wutar mota. Isuhu ya danna nan ya danna can, ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau, sababbin hanyoyi ne ba ta sani ba. Sabuwar taswirar sai an yi odarta daga waje, za ta ci maka buhun riɗi uku, kuma bayan 'yan shekaru ita ma ta tsufa. Ga wata 'yar ƙaramar na'urar taswira da ake mannawa a gilashi, ba ta kai buhu ɗaya ba, ita da kanta take sabunta hanyoyinta kyauta." Alhaji ya ɓata fuska. Mota mai allo a jiki, a ce an manna mata wani abu kamar tasi? Ya ce zai yi tunani.

Wata rana da hantsi aka nemi mota aka rasa, aka nemi Nomau aka rasa. Sai bayan la'asar ya dawo, ƙura har rufin mota, tankin da aka cika jiya ya kusa ƙafewa. Alhaji ya tare shi a ƙofar gida. "Ina ka je?" Nomau ya ce, "Yaya, ba Isuhu ya ce ba ta san sababbin hanyoyi ba? Na kai ta ta gani. Na nuna mata sabuwar gada, na nuna mata titin kasuwa, har sau biyu muka zagaya shataletale don ta riƙe." Alhaji ya dafe kai ya ce, "To ta riƙe?" Nomau ya ce, "A kan gadar dai cewa ta yi muna cikin ruwa." Washegari Alhaji ya koma wajen Isuhu ya sayo 'yar ƙaramar.

Wata rana masu sayen riɗi suna jira a Gumel, Alhaji ya tura Nomau da samfuri, ya ce ya yi sauri. Azahar ta yi bai isa ba. Wani mai babur ya same shi a mararraba, ya kashe mota, ya buɗe ƙofa yana zaune. "Lafiya, Nomau?" Ya ce, "Saɓani suka samu. Babbar ta ce dama, ƙaramar ta ce hagu. Ina jira su daidaita." Mai babur ya ce ya bi ƙaramar mana, ita ta san gari. Nomau ya girgiza kai. "Jiya-jiya ta zo gidan. Tsohuwa tana magana tana katse ta." Masu saye suka gaji suka tafi. Alhaji bai yi masa magana ba har kwana biyu, kuma daga ranar kowa a gidan ya koma kiran allon motar tsohuwa.

Wata rana saƙo ya zo cewa Kawu Jibo, yayan Inna Dela, yana kwance a gida, jiki ya yi tsanani. Garinsu Gurbin Maje ne, wanda ambaliya ta ci shekarun baya, aka tashi mutane aka kai su sabon wuri a bakin kwalta. Inna ba ta taɓa son sabon garin ba, sau ɗaya ta je. Alhaji yana da awo a kasuwa, ya ce zai biyo su da yamma. Ya sa mahaifiyarsa a kujerar baya, ya leƙa ta taga ya ce, "Nomau, yau ban da gardama. Maganar tsohuwa za ka bi, duk inda ta ce." Nomau ya ce to. Inna Alhaji yake nufi, amma ba su yi nisa ba barci ya kwashe ta, don kwana ta yi tana kuka. A mararraba ƙaramar ta ce a miƙe kan kwalta. Nomau ya cire ta daga gilashi ya sa a aljihu, ya bi tsohuwa ta jikin mota zuwa wata hanyar burji da ciyawa ta fara cinyewa.

Girgizar mota ce ta tashi Inna. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga rijiyar bakin tsohon garinsu, ta ga ganuwar masallaci da ta rushe rabi, sai ta rufe bakin. A kan tudu akwai gidaje 'yan kaɗan da ruwa bai kai ba, hayaƙi yana tashi daga ɗaya. Wata mata ta fito tana kare rana da hannu, ta ce, "Dela? Wa ya gaya muku yana nan? Shekaranjiya ya matsa a dawo da shi ɗakin mahaifinsa." Inna ta shiga. Kawu Jibo ya gane muryarta, ya riƙe hannunta, suka yi ta hira ƙasa-ƙasa a kan mutanen da babu su. Kafin la'asar ya cika. Alhaji kuwa sabon gari ya nufa, kafin a kwatanta masa hanya ya zagayo kogi har an fara wankan gawa.

Bayan sadakar uku suka kamo hanyar gida. Can Alhaji ya ce, don dai a samu abin faɗa, idan riɗi ya yi kuɗi bana zai sa a sabunta allon a huta. Inna ta matso gaba ta ce, "Nomau, ina aka rubuta garinmu?" Ya ɗora mata yatsa a kan sunan a jikin allon. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta daɗe tana kallo. "Ita ƙaramar fa, me ta ce da wurin?" Nomau ya ce, "Ta ce fili ne." Inna ta koma ta jingina. "Shitu, ku bar wannan yadda take har in mutu. Bayan nan ku koya mata abin da kuke so." Alhaji ya ce to, Inna.

Nomau ya dube ta ta madubi. "Inna, in lokacin ya yi sai ki tuna mini, kada in manta." Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Alhaji ya juyo zai ba ta haƙuri, sai ya ga dariya take yi.