Littattafan da Suka Sha Banda

"…da iyali, da jikin Inna, da ƙarnin kihin da yar riga ka sallama?"

"Dut lahiya lau. Ke ina kasuwa, ina ƙudaje? Na ga su ɗai ka ciniki wurinki."

Haka Bara'atu da Ɗan'inna suke gaisawa tun suna wasan ƙasa, kuma girma bai rage komai ba. Taubasai ne, mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ita tana da rumfa a kasuwar Malanbil, bayan layin masu albasa, inda take sayar da alli da jakunkunan 'yan makaranta. Shi kuwa mutumin Garu ne, wani ƙauye na bakin kogi, sana'arsa bandar kifi, ko ba a gaya maka ba hancinka zai gaya maka.

Sai dai ranar nan dariyar Bara'atu iyakarta leɓe. Kwanakin baya wata makaranta ta samu sababbin littattafai, aka kwashe tsofaffin ɗakin karatunta aka jibge a fili ana jiran amalanken shara. Mushe Abdulaye, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, tsohon malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kakkaɓe musu ƙura, ya tako har rumfa ya roƙe ta ta kwashe, ta sayar wa iyayen yara da araha. Sharaɗinsa ɗaya: kada ko guda ya koma juji, kada a naɗe ƙosai da ko shafi ɗaya. Shi ya koya mata baƙi a 'yan shekarun da ta yi a aji, don haka ta dafa ƙirji ta yi masa alkawari a gaban 'yan kasuwa.

Kafin ta samu abin ɗauka, ruwan sama ya riga ta. Ta raba jiƙaƙƙun littattafan biyu, ta ba Ɗan'inna rabi ya kai Garu ya shanya, tunda can akwai fili. Nata rabin ta ɗura a buhu ta lulluɓe da leda, wai tana jiran rana, a tsakiyar damina. Da ta kwance buhun da safen nan sai ta tarar fumfuna ta yi musu gashi, shafuka sun manne kamar tuwon jiya. Ta tura shi ƙarƙashin tebur ta saki zane ta rufe. Ga shi yau Mushe zai kawo shugaban wata makaranta daga garin Madekali ya zaɓi littattafai. Duk fatanta ya koma kan abin da ke bayan babur mai ƙafa uku na Ɗan'inna, kuma gara ta haɗiye harshenta da ta bari ya gane.

"Ina amanata, bawan gidanmu?"

"Ga ta nan, baiwar uwata. Kwance ki yi godiya."

Tana kwance bakin buhun farko wani ƙauri ya bugi fuskarta. Masu albasa, waɗanda hancinsu ya daɗe da yin ritaya, su ma suka waiwayo. Wata kyanwa, mussa a bakin mutanen nan, ta fito daga ƙarƙashin rumfar maƙwabta ta zo ta zauna da ladabi. Bara'atu ta zaro littafi guda, bangonsa ya yi ja jawur, gefen takardun ya koma ruwan ƙasa.

"Ɗan'inna, mi kay yi ma littattahwaina?"

"Banda."

"Banda?"

"Kin ce in busar da su. Abin da yah hito ruwa, hanya guda nis sani ta busar da shi."

Nan ta buɗe masa wuta. Ta kira masu albasa shaida, ta ce su zo su ga mutumin da aka ba ilimi ya mai da shi mahaɗin miya. Ta ce da ma ta san kansa ƙoƙon kifi ne, babu komai ciki sai ƙaya. Shi kuwa ya jingina da baburinsa yana sakace haƙori, ya bayyana wa jama'a cewa da ɓuntun shinkafa ya yi aikin, wuta a hankali, kuma bai yi rashin ladabi ba.

"Tarwaɗa ƙasa, boko bisa. Ban haɗa su shimhiɗa guda ba, na san girman ilimi."

"Yanzu yaro shi buɗe lissahi yunwa ta kama shi?"

"Gara hakanan. Ɗiyan Malanbil barci sukai bisa littahi. Wanga kuwa mussa ba ta barin su runtsa."

"Kai da anka kora lakwal don ka zo aji da ƙwaɗo cikin aljihu, kai ka maganar karatu?"

"Ni ƙwaɗo nik kawo. Ke wa yac cinye allin mushe har anka koma rubutu da gawayi?"

Don ta ƙara kunyata shi, ta ɗaga littafin sama ta buɗe, kowa ya ga ɓarna. Sai shafi ya buɗe. Ta juya na gaba, ya buɗe, da 'yar ƙara irin ta busasshen ganye. Rubutu na nan baƙi ƙirin, ko harafi bai gudu ba. Ta zaro na biyu, ta zaro na uku, duk haka. Ashe da wuƙarsa ta fawar kifi ya bi su shafi-shafi yana rabawa kafin ya ɗora a raga. Wani sanyi ya sauko mata a zuciya, tare da haushi mai ɗaci, don babu abin da ya kai taubashi ya yi daidai ciwo. Ta rufe littafin ta ce, to, ba laifi, a haka ma za a lallaɓa, tunda ba a tsammanin alheri daga mutanen Garu.

Da Ɗan'inna ya kama hanya a nan, da ta sha. Amma mutumin da ke gane kifin da ya kwana tun daga bakin gada ba a ɓoye masa ruɓa. Ya ɗaga hanci sama, ya sauke shi ƙasa, ya tsaya a kan zanen tebur.

"Bara'atu, wani abu ya mutu ƙarƙashin teburin ga."

Ta ce albasar maƙwabta ce. Masu albasa suka rantse ba tasu ba ce. Ta ce to ɓera ne. Ya ce in ɓera ne to ya yi karatu mai zurfi, don warin takarda yake. Kafin ta tare shi ya janyo buhun ya zazzage a gaban kowa.

"Kayya. Shanya anka ce, ke kuwa shuka su kiy yi. Ga su sun tsiro. Yaushe a girbi?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ya ce bari ya kira mata amalanken shara tun Mushe bai iso ba, ko kuwa ya yi mata dillanci wurin mai ƙosai, in ita ma mai ƙosan za ta yarda ta ɓata sunanta. Wannan ta shige ta. Bara'atu, wadda bakinta bai taɓa mutuwa a kasuwar nan ba, ta tsaya tana kallon tulin, tana ganin fuskar tsohon nan in ya zo ya tarar.

"Alkawali niy yi mashi, Ɗan'inna," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya dube ta, ya tsuguna. Ya ɗauki ɗaya ya latsa da yatsa, ya shinshina, ya juya cikinsa yadda yake wa kifi a bakin jirgi. Ya ce yawancinsu da sauran rai, hayaƙi zai kashe fumfunar, wuƙa ta raba sauran. Amma ba ya yi wa baiwa aiki kyauta. Sai ta ɗauki buhun da kanta, a ka, ta kai har babur, tana faɗa wa layin albasa waye ubangida.

Ta yi gammo da gyalenta. Ya sunkuya zai ɗora mata, sai wani littafi ya sulluɓo daga cikin rigarsa ya faɗi tim. Ta riga shi kai hannu. Littafin hotunan kifaye ne, kowane shafi da tambarin babban yatsa mai maiƙo.

"Jama'a, ku zo ku ga ubangida ɓarawo."

Ɗan'inna ya kau da ido daga masu albasa. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dubawa kawai yake ko sun sa giwan ruwa na kogin nan. Sun sa shi kuwa, ga rubutu cunkus a ƙarƙashinsa, kuma ya so ya ji abin da suka ce. Bara'atu ta tuna ƙwaɗon nan, da yaron da ya tsaya bakin ƙofar aji yana leƙe bayan an kore shi. Tausayinsa ya kama ta, ta ƙi bari ya fito fuska.

Ta cusa masa littafin a aljihu, ta ɗauki buhun a ka tana dariya har yana girgiza.

"Riƙe, ka gaida danginka. Ran kasuwa ka kawo shi in karanta ma abin da sunka ce. Waɗanga kuwa, ubangida, don Allah wuta kaɗan-kaɗan."